Shin Ko Kun San? Kifin Da Bai Taɓa Ganin Ruwa Ba

Shin ko kun san akwai kifin da ake nomawa a gona? Ba ƙaya, ba ƙarni, ba masunci. Akwai jatan landen da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa. Akwai ƙwan kifin da ake kakkaɓowa daga jikin ciyawar tsintsiya. Ku gyara zama, jama'a, yau abin mamakin da yawa yake.

Mu fara da tumatir. E, tumatir ɗin nan dai na miya! Wani gwanin girki ɗan Amurka, James Corwell, ya taɓa shiga Tsukiji, tsohuwar babbar kasuwar kifi ta Tokyo. Ya ga ƙattin kifayen tuna a jere a ƙasa, iya ganin ido. Hankalinsa ya tashi: anya teku zai jure wannan ɗiba ta kullum? Ya koma gida ya duƙufa a kan tumatir. A ɓare fata, a cire 'ya'ya, a bar jar tsokar. Kayan haɗi biyar kacal: tumatir, ruwa, sukari, man riɗi, da baƙin romon waken suya mai gishiri. Ya sa masa suna Ahimi. A 2017 aka fara sayar da shi a shaguna, an ɗora shi a kan dunƙulen shinkafa irin na Japan. Idan ba a gaya maka ba, ido zai rantse ɗanyen tuna ne.

To, nawa ne kuɗin na gaskiyar? Ku riƙe numfashi. A watan Janairun 2019, a gwanjon farkon shekara na Tokyo, an sayar da tuna ƙwaya ɗaya, mai nauyin kilo 278, a kan yen miliyan 333.6. Wajen dalar Amurka miliyan 3 ke nan. Kifi ɗaya! Kilo guda ya tashi a wajen dala 11,000. Tirƙashi!

Kankana ma ba a bar ta ba. A yanka ta, a shafa mai da gishiri, a gasa a tanda fiye da awa guda. Ruwan ya tsane, garas-garas ɗin ya ɓace, tsokar ta koma ja, mai santsi da ɗan danƙo. Gidajen abinci a Turai da Amurka suna sayar da ita a matsayin tuna. Kankanar da muke sha da azumi fa!

Shin ko kun san kifin salmon ba da jar tsokarsa ake ƙyanƙyashe shi ba? Cin abinci ke rina shi. Ƙananan gansakukar teku suna yin wani sinadarin launi. Ƙananan jatan lande su ci gansakukar. Salmon ya ci jatan landen. Shi ke nan, sai tsoka ta yi ja. Wanda ake kiwo a keji, in ba a zuba masa launin a abinci ba, tsokarsa toka-toka take fitowa. Ga inda abin ya fi daɗi: wannan launi ɗan'uwan launin karas ne, danginsu ɗaya. Shi ya sa masu girki ke binne karas a cikin gishiri, su gasa, su yanka siriri-siriri, su ba shi hayaƙi, su jiƙa shi a mai. Sai ga salmon mai hayaƙi daga lambu.

Kada ku ɗauka sabon yayin Turawa ne. Ina! Abin ya haura shekara dubu.

A Bagadaza, a ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara littafin girki na Larabci mafi tsufa da ya iso hannunmu. A ciki akwai babi guda na abincin kwaikwayo da Kiristoci ke ci lokacin azuminsu. Wainar ƙwai ba ƙwai. Mahaɗin kifi ba kifi. A zamanin Abbasiyawa fa muke magana!

Mu ƙara ja da baya. A ƙasar Sin, a shekarar 517, Sarki Wu na daular Liang ya hana yanka dabbobi wajen bikin tunawa da kakanni. Ya ce a kwaɓa gari a yi siffarsu. Shi ne kuma ya matsa wa limaman addinin Buddha su bar cin nama da kifi. Daga ɗakunan girkin gidajen ibadarsu aka ƙware a sarrafa alkama da waken suya su zama agwagwa, su zama kaza, su zama kifi. Har yau ana cin wannan gado a Sin da Taiwan da Biyetnam.

Ga wata dabararsu da masu awara za su so. Kun san yanar nan da ke taruwa a saman madarar waken suya idan tana kan wuta? Su ba sa zubarwa. Da tsinke suke ɗagowa, su shanya. Sai a jera ta fallen-fallen, a naɗe da ganyen ciyawar teku a matsayin fata, a turara, a yanka, a soya. In ka gutsura, sai ta rabu sala-sala, yadda tsokar kifi ke yi. Ikon Allah!

A nan Afirka ma akwai. Kiristocin Habasha suna babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai, da yawansu har kifi suna bari. Me suka yi? Suka ɗauki garin waken nan mai dunƙulalliyar ƙwaya, wanda 'yan Sudan ke kira kabkabe, suka kwaɓa. Suka yanka shi da siffar ƙananan kifaye, suka soya, suka zuba a jar miya mai yaji. Sunansa shimbra asa. Da injera ake ci.

A Bengal ta Indiya kuwa, labarin da ɗaci. Mutanen da kifi ne abincinsu na kullum, amma tsohuwar al'adar Hindu ta hana matan da mazansu suka mutu cin kifi har ƙarshen rayuwarsu. Waɗannan mata ne suka mayar da ɗanyar ayaba, da furenta, da niƙaƙƙen wake abincin da yau ake alfahari da shi a manyan gidajen abinci na Kolkata.

Yanzu ku zo mu je Japan, don a can abin ya fi ƙayatarwa.

Akwai wani tsiro da ake kira konjak. Dangin gwaza ne. Saiwarsa takan ɗauki wajen shekara 3 kafin ta isa girbi. Furensa warin mushe yake yi. Ɗanyarsa ba ta ciwuwa, ƙaiƙayi za ta sa maka a baki da maƙogwaro. Amma a niƙa ta, a haɗa da ruwan toka, a dafa, sai ta daskare ta zama wani abu mai tsalle a haƙori. Kusan kashi 97 cikin 100 na wannan abu ruwa ne zalla! Kusan duk wanda ake nomawa a Japan, wajen kashi 90 cikin 100, daga lardi ɗaya yake fitowa, Gunma. Lardin da ko taku ɗaya na bakin teku ba shi da shi. Mutanen kan duwatsu suna yanka shi siriri su ci kamar ɗanyen kifi. A Taiwan kuma ana zuba shi a mazubi mai siffar jatan lande, a yi masa jan zane a baya. Da yawa daga cikin jatan landen ganye da ake sayarwa a duniya daga wannan saiwa suke.

Kun san me kuma aka yi da shi? A Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, Japan ta saki manyan balan-balan na takarda fiye da 9,000 ɗauke da bama-bamai, don iska ta kai su Amurka. Kowanne faɗinsa mita 10. Da ƙullun konjak aka liƙe takardun. Wajen 300 aka gano sun tsallake tekun Fasifik.

Sai unagi, kifin nan mai siffar maciji da Japanawa ke gasawa da zaƙin romo a tsakiyar lokacin zafi. An ci shi har ya kusa ƙarewa. A 2014 aka sa shi a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Amma limaman gidajen ibada sun daɗe da nasu: a murje awara, a haɗa da gurzajjiyar doya, a shafa a kan baƙin ganyen ciyawar teku, a ja layi a tsakiya da wuƙa, a soya. Wasu kuma da dogon yalo suke yi. A watan Yulin 2023, kamfanin Nissin, masu taliyar nan ta cikin kofi, suka fitar da nasu na waken suya mai hawa uku: farar tsoka, kitse, da fata da aka baƙanta da gawayin gora. Suka sa guda 1,000 a intanet. Cikin minti ɗaya suka ƙare. Minti ɗaya!

Ciyawar tsintsiyar fa? Tana lardin Akita, a arewacin Japan. Da busasshen jikinta ake ɗaure tsintsiya. 'Ya'yanta kuwa, a dafa, a jiƙa, a murje ɓawon, sai su fito ƙanana, kore-kore, masu sheƙi, suna fashewa ɗaya-ɗaya a baki. Sunansu tomburi. Kirarinsu: kabiyar gona.

Mece ce kabiya? Ƙwan wani tsohon kifi ne, sturgeon, da ake barbaɗa wa gishiri, abincin attajirai. Mafi tsada daga Tekun Kaspiya yake fitowa, tsakanin Rasha da Iran. Macen babban nau'insa, beluga, tana iya kai shekara 20 kafin ta fara yin ƙwai. Dangin wannan kifi sun rayu tun zamanin da ƙattin dabbobin da suka ɓace ke yawo a doron ƙasa, amma yau duk nau'o'insa da suka rage suna cikin haɗari. A 2005 Amurka ta hana shigo da kabiyar beluga daga Kaspiya.

Sai wani ɗan Denmark, Jens Møller, ya gano wani abu a 1988 yana gwaji da ciyawar teku. Akwai wani sinadari mai yauƙi a cikinta. A ɗiga shi a ruwa mai sinadarin kalsiyam, nan take kowane ɗigo ya yi fata ya zama ƙwallo. Baƙi, ja, ruwan lemo, duk launin da kake so. Ba ya wari, ba ya rina abinci, ana iya dafa shi bai narke ba. Cavi-art ke nan, kuma yau gidajen abinci da yawa a Denmark shi suke ɗorawa a kan faranti.

Wannan kuma tamu ce! A Texas ta Amurka akwai abincin da ake kira kabiyar Texas. Kun san da me ake yin ta? Da wake. Farin waken nan mai baƙin ido. Wata mai girki, Helen Corbitt, ta fara jiƙa shi a mai da ruwan tsami da albasa wajajen 1940, ya zama abin ci na ranar sabuwar shekara. Waken kuwa daga Afirka ta Yamma ya tsallaka can a zamanin cinikin bayi. Ƙasashen da suka fi kowa noma shi a duniya har gobe? Najeriya da Nijar. Ashe kabiya muke da ita buhu-buhu a Dawanau!

Talakawan Italiya ma sun yi nasu. A Sisili akwai taliyar da ake dafawa da duk kayan haɗin taliyar sardin, ban da sardin ɗin. Sunanta: taliya da sardin da ke cikin teku. Wato ba a kamo su ba tukuna! A bakin tekun Italiya har miyar duwatsu an yi. A ɗebo duwatsu daga cikin ruwa da gansakukar da ke jikinsu, a tafasa, a tace, a zuba taliya a romon.

Kuma waɗannan talakawa sun gano gaskiya. Ƙanshin nan da muke cewa na teku, yawancinsa daga tsirran teku yake. Shi ya sa duk mai son kwaikwayon kifi da ciyawar teku yake farawa.

A 1908, wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya nemi sanin abin da ke sa romon ciyawar kombu daɗi haka. Ya tace, ya tace, har ya ware sinadarin. Shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi a kasuwa. Kun san sunansa? Ajinomoto. Farin magin nan na kantin unguwa! Asalinsa binciken ciyawar teku ne. Kuma irin wannan sinadarin ne ke cikin daddawa. Inda mutanen Tailan da Biyetnam ke zuba romon ruɓaɓɓen kifi don miya ta yi armashi, iyayenmu da kalwa suka cim ma wannan ɗanɗano. Masu cin ganyayyaki a Biyetnam su kuma da abarba da waken suya suke haɗa nasu romon.

Baƙin ganyen nan da ake naɗe shinkafa da shi, nori, shi ma da labarinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu nomansa ya durƙushe a Japan, ba wanda ya san inda irinsa ke ɓuya. A 1949, wata masaniya a Manchester ta Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano cewa a cikin ɓawon katantanwar teku yake yin wani zango na rayuwarsa. Japanawa suka ɗauki binciken, noma ya farfaɗo. Suka gina mata abin tunawa a garin Uto, suna kiranta Uwar Teku, kuma duk ranar 14 ga Afrilu ana taruwa dominta. Ita kuwa har ta rasu a 1957 ba ta taɓa taka Japan ba.

Man kifin da likita ke cewa a sha fa, mai omega-3? Yawancinsa ba kifi ke ƙera shi ba. Daga ƙananan gansakuka yake samu, ya tara a jikinsa. A shekarun 1980, masu binciken da hukumar NASA ta ɗauki nauyi suna neman abincin 'yan sama jannati, sai aka kai ga gansakukar da ke yin wannan mai da yawa. Yau ana kiwonta a manyan tankuna. Man nata yana cikin madarar gwangwani ta jarirai a ƙasashe da dama.

Mu ma muna da tamu a kusa. A tafkunan kanwa na yankin Kanem, gabas da Tafkin Chadi, matan Kanembu suna yaɗo wata koriyar gansakuka daga saman ruwa, su shanya ta a kan yashi, su ɓaɓɓalla, su sa a miya. Dihe suke ce mata. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a 1964. Da aka auna, fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Ita ce spirulina da ake sayarwa da tsada a kwalabe a Turai.

Saura na cikin daji. Akwai naman kaza mai kaurin kara, wanda in an yanka karan dunƙule-dunƙule aka soya, sai ya zama kamar tsokar katantanwar teku. Akwai wani fari mai gashi buya-buya, mai ɗanɗanon kaguwa. Akwai kuma wani ganye mai shuɗi-shuɗi a bakin tekun Sikotilan da Aisilan, wanda in ka tauna shi ɗanye sai ka ji ɗanɗanon kayan teku sak.

A Landan, a 2018, wani shagon soyayyen kifi da dankali mai suna Sutton and Sons ya buɗe reshe da ba kifi ko ɗaya a ciki. Me suke soyawa? Furen ayaba! Jan ƙoƙon nan da ke reto a ƙarshen nonon ayaba, wanda manoma da yawa ke sarewa su yar. A jiƙa shi da ciyawar teku, a tsoma a ƙullu, a jefa a mai.

Manyan kamfanoni ma sun shigo. A 2020 Nestlé ta fitar da tuna na cikin kwalba a Suwizalan, Vuna, kayan haɗi shida, tushensa koren wake. A Satumban 2023 kuma wani kamfani a Biyana ta Ostiriya, Revo Foods, ya kai salmon kanti wanda na'ura ce ta buga shi hawa-hawa, tsoka da farin layin kitse, daga furotin na dangin naman kaza. Kifin da aka buga da na'ura, jama'a!

Me ya sa ake wannan rububi? A 1961 abin da mutum ɗaya ke ci na kayan ruwa a shekara bai wuce kilo 9 da ɗoriya ba. A 2022 ya haura kilo 20. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na kifayen teku ake kamawa fiye da ƙima. A 2021 ya kai kashi 37.7. Ga kuma masu ƙyan jini, waɗanda loma ɗaya ta jatan lande kan kai su asibiti.

Amma a kula! Sandunan nan ja da fari da ake kira kaguwar kwaikwayo ba ganye ba ne. Niƙaƙƙen kifi ne da sitaci, aka rina. Baƙin romon Worcestershire ma akwai ƙananan kifi a ciki. A riƙa karanta jikin kwalba.

Kuma kama da kifi daban, gina jiki daban. Tumatir, kankana, karas, konjak, duk ido da harshe suke burgewa, amma furotin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Ba za su maye wa yaro mai tasowa gurbin tarwaɗa ko karfasa ba. Waɗanda ke riƙe ciki su gina jiki su ne na wake da waken suya.

Su kuwa ga su a ƙofar gida. Ku sayi awara, ku yanka ta da tsayi, ku jiƙa ta rabin awa a ruwan lemon tsami da tafarnuwa da citta da ɗan garin daddawa. Ku barbaɗe ta da fulawa, ku soya har ta yi ja, ku jefa a miyar tumatir. Ku gwada a ƙarshen makon nan, sannan ku ba maƙwabta labari.